Rabin Kwanon Nassirou Dama

Sunan da aka raɗa masa a Dogon Dutsi Nassirou ne, amma daga Yamai har Maraɗi in ka ce Nassirou sai a tambaye ka wanne, don suna da yawa. Ka ce Dama kawai. Mai shayi a Dosso ya san shi, mai gyaran taya a Ƙonni ya san shi, jandarmomin hanya ma sun gaji da duba permi ɗinsa na tuƙi. Shekara ashirin da shida yana jan kamiyo, wato babbar motar kaya, a kan gudron ɗin nan, titin kwalta, gajere, mai kaurin wuya, ba ya dariya sai da dalili.

Ga yadda sunan ya samo asali. Direbobin manyan motoci suna da wata magana tasu wadda ba a koyarwa a makarantar tuƙi. In kana bayan kamiyo ba ka ganin gaba, shi ne idonka. In ya kunna wutar gefen hagu, tak, tak, tak, wato kar ka fito, mota na tafe. In ya kunna ta dama, wato hanya fayau, wuce abinka. Ba doka ba ce, ba wanda zai kama ka in ka ƙi yi, amana ce kawai tsakanin mutanen da ba su san juna ba. To, direbobi da yawa wasa suke da ita. Wani ma sai ya manta wutar tana ƙiftawa tun daga Dosso har Dutsi, shashasha, yana ta cin goronsa. Ban da Nassirou. Shi sai ya duba, ya sake dubawa, kana ya taɓa sandar kunna wutar. Har ƴan hanya suka riƙa cewa in Nassirou ya ba ka dama, rufe idonka ka wuce. Da wannan yake taƙama, ba da komai ba, don ba shi da wani abin taƙamar.

Matarsa Halimatou ta san haka fiye da kowa. Shekara ashirin da biyu ke nan da ya ɗauko ta daga Dutsi ya kawo ta Yamai, tana kuka ba ta jin ko “fofo” da Zabarmanci. Yau ita ke cin ƴan kasuwa ciniki da harshensu. A unguwar Dar es Salam suke, ɗaki biyu da rumfa, tana sayar da dambu da kopto, wato kwaɗon ganye, a ƙofar gida da safe. Ƴarsu ɗaya, Huda, tana aure a Gaya. Halimatou ba mai yawan magana ba ce, amma idonta ba ya barci, ko cokali aka gusar a gidan sai ta lura.

Shekara huɗu kafin abin ya faru aka fara gaya wa Nassirou yana da tansiyo, wato hawan jini. Sha takwas, in ji dokotoro, ya rubuta masa ƙwaya kullum ɗaya. Direba da magani kullum? Ina! In ƙeyarsa ta yi nauyi ya sha kwana uku, in ta saki ya jefa sauran a aljihun mota su narke da zafi. Ga baƙin kafe ba madara, ga goro, ga naman Dosso da yaji da gishiri kamar ana gasa da wani. In Halimatou ta yi magana ya ce, “Maman Huda, wa ya taɓa ganin jini ya kayar da mai jan tan talatin?” Ita kuma ta rage gishirin miya, shi kuma ya ƙara da hannunsa.

Abokinsa ɗaya ne a duniya, Isaka, mutumin Filinge da ke zaune a Tondibia, can gefen Yamai, da matarsa Zuwera. Dogo ne siriri, bakinsa ba ya rufuwa, yana jan ƙaramin kamiyo mai sauri. In sun haɗu a hanya Isaka ba ya iya zama a baya. Sai ya matso ya danna oda irin tasa, gajeru biyu da doguwa ɗaya, wato “tsoho, ba ni hanya.” Nassirou ya duba ya ba shi, shi kuma in ya zo wucewa ya miƙo hannu ta taga yana masa daƙuwa. Shekara goma sha biyar suna wannan wasan.

Wata Talata ce da rani. Sun yi karin kumallo tare a Dosso, kuma a wurin mai shayin ne kofi ya suɓuce daga hannun hagun Nassirou ya fashe. Isaka ya ce tsufa ya zo, a nemo masa sanda. Suka yi dariya, suka kama hanyar gabas, Nassirou a gaba. Wajen ƙarfe goma, rana ta ɗaga, ba kwana ba tudu, Isaka ya danna odarsa. Nassirou ya duba gaba, ya kunna wutar dama. Isaka ya fito da dukan ƙarfin motarsa, ya yi gaba da gaba da wani kamiyo da ya ɗauko albasa daga Galmi.

Direban albasar ya sha da karayar ƙafa. Isaka ko shurawa bai yi ba. Buhunan suka fashe, albasa ta rufe gudron, tayoyi suka markaɗe ta, warin ya cika dajin. Jandarmomi suka auna, suka rubuta cewa marigayi ya yi wucewar ganganci, shi ke nan. Ba wanda ya ga wutar da Nassirou ya kunna sai wanda ya mutu.

Ranar sadakar uku, a ƙofar gidan Isaka a Tondibia, Nassirou ya miƙe zai gaida baƙi sai ya zube kamar buhu. Mutane suka ce baƙin ciki ne. A gidan likita aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta hagu, kuma dokotoron ya gaya wa Halimatou cewa ba wannan ne na farko ba, akwai ƙarami da ya riga shi da ƴan kwanaki. A lokacin ba ta ɗauki maganar da nauyi ba, ta kanta take.

Da bakinsa ya fara daidaituwa, wata azahar tana ba shi kunu, sai ya riƙe mata hannu.

“Maman Huda, ni na ba shi dama.”

“Wa?”

“Isaka. Ni na kunna masa. Amma wallahi tallahi hanya fayau take. Na duba, na sake dubawa. Ba komai. Motar nan ba a kan hanya take ba, fitowa ta yi.”

“Daga ina?”

“Ki tambayi ƴan hanya, akwai wuraren da ba mu kaɗai ke bi ba.”

Ta ce ya yi shiru ya sha kununsa, kuma kar ya sake faɗa wa kowa. Bai faɗa ba. Amma tun daga ranar aka daina shigo da albasa gidan, don ko a miyar maƙwabta ya ji warinta sai zufa ta keto masa. Kuma ya samu wata sabuwar ɗabi’a. In yana zaune a rumfa da hantsi sai ya riƙa buga farce a jikin kujerar ƙarfe, tak, tak, tak, idonsa a kan bango, bai san yana yi ba. Wani lokaci ya ɗago ya ce, “Kin ji oda?” Ba wata oda, sai ta ƴan kabu-kabu a bakin titi. Halimatou kuwa tsoro take ji ƙwarai, a cikin gidanta da rana tsaka.

Jikin kuwa ya yi ta dawowa, abin mamaki. Wata biyu ya ajiye sanda. Wata huɗu yana matse ƙwallon roba da hannun hagun har jijiya ta tashi. Magani kuma yanzu ba fashi, shi ke tuna mata. Kowa ya zo dubiya sai ya ce Dama ya warke, Allah ya yi.

Ita ce ta ga abin da bai warke ba, kuma a kwano ta gan shi. Ta zuba masa dambu, ya ci ɓangaren dama tas, har yana suɗe hannu, ya bar na hagu kamar an yanka da wuƙa. Ya ce, “Yau kin rage hannu.” Ta ɗauka wasa yake. Ta juya kwanon kawai za ta ɗauke, sai ya ce, “Yawwa, ashe da saura,” ya ci gaba da ci. Washegari haka. Jibi haka. Sannan ta fara haɗa sauran: kafaɗar hagu da kullum ke bugun ƙofa, da maƙwabcinsu tela da ya yi fushi wai ya gaida Nassirou sau uku ya share shi, alhali ta hagu ya tsaya masa.

Ta tambayi matar da ke motsa masa jiki a gidan likita, a asirce, a bakin famfo. Matar ta ce ta san abin. “Idonsa lafiya lau, hajiya. Kansa ne ya manta akwai hagu. Kuma bai san ya manta ba, a wurinsa duniya cikakkiya ce. Wani yana warkewa, wani ba ya warkewa. Amma mota kam, ko keke kar ya hau.”

A taksi, a hanyar komawa gida, abin ya faɗo wa Halimatou gaba ɗaya. Kofin da ya fashe a Dosso, wanda shi da kansa ya ba ta labari. Ƙaramin ciwon da dokotoro ya ce ya riga babban. Kuma motar da ke zuwa, ai ta hagun direba take zuwa. Ta riƙe bakinta da mayafi har mai taksin ya waiwayo ya ce lafiya. Ba aljani, ba komai. Motar albasa tana kan hanyarta tun daga Galmi, mijinta ne bai gan ta ba.

To, ta yaya za ka gaya wa mutum wannan? Aljanin nan da ya ƙirƙira shi ke riƙe da shi a tsaye. In ta ɗauke masa shi, abin da zai rage shi ne ya kashe Isaka da abu ɗayan da yake taƙama da shi. Ga tansiyo da aka ce kar a tayar masa da hankali. Sai ta zaɓi shiru, kuma ni ban ga laifinta ba. Ta ƙware a juya kwano. In ya kai rabi sai ta ce “ga ruwa,” ya ɗaga kai ya sha, ta murza kwanon da yatsa biyu. Ta matsar da buta, da rediyo, da takalmansa, duk zuwa dama. Ta je ta ba tela haƙuri ta ce kunne ne. Wata bakwai tana wannan aikin, tana cewa a ranta ai yana gida, rabin duniya ma ya ishe shi.

Sai ga Alhaji Bello, mai motar da Nassirou ke ja, ya zo da kansa wata Juma’a bayan masallaci. Ya ce direbobi uku ya gwada, duk sun ci masa taya sun ci masa rai. In Dama ya samo takardar bizit, wato shaidar likita cewa ya isa tuƙi, motarsa na jiransa. Halimatou tana bayan labule ta ga fuskar mijinta ta buɗe irin yadda ba ta gani ba tun rasuwar Isaka.

Ta sa rai bizit ɗin zai tsayar da shi. Ta ce ai likita ba zai rasa gani ba. Ta raka shi, wani ƙaramin wuri ne can cikin gari, mutane sun yi layi har waje. Aka ɗaura masa abin awo: sha uku, kamar na saurayi. Aka ce ya matse hannun dokotoro, ya matse har mutumin ya yi ƙara. Aka nuna masa baƙaƙe a bango, ɗaya bayan ɗaya da tsinin sanda, ya karanta har ƙanana. Minti bakwai, haba! Ko akuya za ka saya ka fi haka dubawa. Halimatou ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga Nassirou yana kallonta yana murmushi kamar yaron da ya ci jarrabawa, sai ta fasa. Aka buga wa takardar tampo, wato hatimi.

Aka sa ranar Alhamis, lodin siminti zuwa Maraɗi. Laraba da la’asar ya je ya karɓo makulli, ya dawo yana ta lissafin inda zai tsaya. Ya ce in ya kai wurin nan bayan Dosso zai sauka ya yi addu’a, don abin da ke wurin ya bar mutane su wuce. Ta gwada ta gefe. Ta ce ya ƙara wata ɗaya. Ya ce zama ne zai kashe shi. Ta ce jikinta bai ba ta ba. Ya ce jikinta bai taɓa ba ta ba tun da ya aure ta, ya yi dariya. Tana kallon hannun nan nasa, tana ganin wata mota cike da mutane a bayansa, direban ya ga lambar motar ya ce ai Dama ne, ya saki jiki yana jiran wuta.

Alhamis da safe ba ta fitar da dambun sayarwa ba. Ta shimfiɗa tabarma a rumfa, ta zuba masa nasa a babban kwanon, ta cika shi fam. Ya fito da rigar tafiya, makulli a hannu, takardar bizit a aljihun gaba. Ya zauna ya yi bisimilla. Ta zauna a gabansa, ta ɗora hannuwanta biyu a kan cinya, ta danne su, don sun saba.

Ya ci dama tas. Ya suɗe hannu.

“Maman Huda, yau da zan yi tafiya kika rage hannu?”

“Ka cinye?”

“Ga shi kina gani.”

“Duba da kyau, Baban Huda. Ka sake dubawa, yadda kake yi a hanya.”

Ya duba. Ya sake dubawa. “Wai me ke damunki? Kwano fayau.”

Kalmar ta soke ta, hawaye suka zubo mata. Ta ce, “To kar ka ɗaga kai. Kalli hannuna.” Ta sa yatsa biyu ta juya kwanon a hankali, a gaban idonsa. Dambu ya fito masa kaɗan-kaɗan, tudu guda, da zogalensa da mansa, ko taɓa shi ba a yi ba.

Ya ja da baya. “Ƙarawa kika yi.”

“Da wane hannun? Kana kallo.” Ta mayar da kwanon yadda yake, abincin ya ɓace masa. Ta sake juyowa, ya dawo. “Wata bakwai ina yi maka haka. Hagu ba ka ganinta, kuma ba ka san ba ka ganinta ba. Ka yafe mini, tsoro na ji.”

Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya sa nasa hannun ya juya, ya mayar, ya juya. A waje wata mata tana ta sallama tana tambayar ko yau ba dambu, ba wanda ya amsa mata.

“Tun yaushe?” ya ce.

“Tun da muka dawo daga gidan likita na gani.”

“Ban ce tun yaushe kika gani ba.”

Ta ga lokacin da ya gano amsar da kansa, don jinin fuskarsa ya janye. Ta matso ta riƙe shi, tana jiran ya zube kamar ranar sadakar uku. Bai zube ba.

“Kofin,” ya ce. Can kuma ya ce, “Ashe tana nan. Ashe motar tana kan hanya.”

“Ba ka sani ba.”

“Isaka ma bai sani ba. Ni ya tambaya.”

Sai ya yi kuka, irin kukan da bai yi ba a dajin Dosso, bai yi ba a maƙabarta, da ƙarfi, har tela ya leƙo ta katanga ya koma. Halimatou ta bar shi ya yi. Da ya lafa ya share fuska da hannun riga, ya zaro takardar bizit ya ɗora makullin a kai, ya ce ta ba tela ya kai wa Alhaji, a ce masa ya nemi direba na huɗu. Sannan ya ce ta miƙo masa hularsa.

“Ina za ka?”

“Tondibia. Wata takwas Zuwera tana jin ana cewa mijinta ɗan ganganci ne. Ƴaƴansa ma sun ji.”

“In ta ƙi yafewa fa?”

“Ba yafiya zan je nema ba. Zan gaya mata ya tambaya kafin ya fito.”

Ta ɗauki mayafinta. A ƙofar gida kafaɗarsa ta bugi ƙyaure kamar kullum, wannan karon ya tsaya ya shafa wurin, ya juya dukan jikinsa ya kalli ƙyauren. Suka fita bakin titi neman taksi. Motoci suna ta wucewa, ya tsaya a gefen gudron ɗin da ya yi shekara ashirin da shida a kai, ya kasa sa ƙafa.

Halimatou ta zagayo ta hagunsa, inda ba ya ganinta, ta kama hannun rigarsa. Ta duba, ta sake dubawa.

“Ba komai,” ta ce. “Mu wuce.”